Marufi Daban, Kammalawa Daban: Gyaran da Insha'in Ɗaliban Sakandare Ke Buƙata

Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa zama da tarin takardun insha'i na ɗaliban sakandare ya san inda rubutun ya fi yawan karyewa. Ɗalibi zai buɗe da kyau, ya jero hujjoji biyu ko uku masu ma'ana, amma da ya iso sakin layi na ƙarshe sai ƙarfinsa ya ƙare. Wani ya maimaita gabatarwarsa kusan kalma da kalma. Wani ya yi kira ga gwamnati da iyaye da sarakuna da su tashi tsaye. Wani ya roƙi Allah ya kawo sauƙi, ya ajiye alƙalami. Wani kuma lokaci ya cim masa, jimlarsa ta ƙarshe ta tsaya a rataye. Abin ya zama ruwan dare daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram, kuma bai bar wani harshe ba: ana ganinsa a takardar Faransanci, ana ganinsa a ta Hausa.

An saba ɗora laifin a kan lalacin yara ko ƙarancin karatunsu. Ra'ayin wannan maƙala shi ne laifin ya fi karkata ga yadda ake koyarwa. Ana nuna wa ɗalibi yadda zai rufe rubutu, amma da wuya a nuna masa yadda zai yanke magana. Kammalawa kuwa hukunci ce: wurin da marubuci yake faɗin abin da hujjojinsa suka tabbatar, da iyakar inda tabbacin ya tsaya. Muddin ba a koyar da ita a haka ba, ɗalibi zai ci gaba da ɗora marufi a kan tukunyar da ba ta dahu ba.

Marufi a Al'adar Hausa

Yaron da ya tashi a gidan Hausawa ya san alamar ƙarewar magana tun kafin ya taka ƙofar makaranta. Mai tatsuniya tana rufewa da ƙurunƙus. Mai rubuta wasiƙa yana rufewa da haza wassalam. Rubutacciyar waƙa ta gargajiya tana da mabuɗi da marufi, kamar yadda masu nazarin waƙa irin su Abdulƙadir Ɗangambo suka bayyana: mawaƙi ya fara da yabon Ubangiji da salati, ya kuma ƙare da su, wani lokaci ya ambaci sunansa. Marubutan ƙarni na 19, cikinsu har da Nana Asma'u, sukan saka ramzi a baitocin ƙarshe, wato haruffan da lissafinsu yake ba da shekarar da aka yi waƙar. Mai kwafar littafin ajami shi ma yakan rufe da tammat da godiya ga Allah.

Waɗannan duka gado ne mai daraja, sai dai ya kamata ɗalibin Hausa ya lura da aikinsu. Kowannensu sanarwa yake yi cewa magana ta zo ƙarshe, kuma ana iya ɗauke shi daga wannan tatsuniya a kai shi wata, bai sauya ba. Ainihin sakamakon tatsuniya yana zuwa ne kafin ƙurunƙus, a wurin da dabarar Gizo ta ɓulle ko ta ruguje, ko inda mowa ta ga abin da zaluncinta ya jawo wa ɗiyarta. Idan mai tatsuniya ta tsallake wannan wuri ta ce ƙurunƙus, yara ba za su yarda ba, za su tambaye ta abin da ya faru. Ke nan al'adar kanta ta bambanta abu biyu: sakamako, wanda na labarin ne shi kaɗai, da marufi, wanda na kowa ne. Abin da ke faruwa a aji shi ne ɗalibi ya zo da marufin ya bar sakamakon a gida.

Malaman balaga na Larabci, waɗanda ake karanta littattafansu a zaurukan ƙasar Hausa, sun daɗe da kula da wannan gaɓa. Al-Ƙazwini, wanda ya rasu a shekarar 1338, ya rufe littafinsa Talkhisul Miftah da bayanin wurare uku da ya wajaba mai magana ya ƙawata: farko, da wurin sauyawa zuwa manufa, da ƙarshe. Dalilin kula da ƙarshe a wurinsu shi ne shi ne abin da kunne ke ji daga baya, shi kuma yake zama a zuciya. Saboda haka batun kyautata kammalawa ba baƙon ilimi ba ne da boko ya shigo da shi.

Abin da Makarantar Boko Ta Ƙara

A Nijar, da Chadi, da ɓangaren Kamaru mai amfani da Faransanci, ɗalibin lise yana koyon rubutun muhawara a kan tsarin da aka gada daga Faransa, wanda ake gwada shi a kansa a jarrabawar bakaloriya, musamman a darussan Faransanci da falsafa. Tsarin da ya fi shahara yana da matakai uku: a kawo ra'ayi, a kawo kishiyarsa, a nemi abin da zai warware saɓaninsu. Kammalawar ita ma an kasa ta uku: taƙaita abin da aka tattauna, amsa tambayar da aka ɗora a gabatarwa, sannan buɗe ƙofa zuwa wata tambaya mai alaƙa. A Gana da Nijeriya kuwa, inda hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, take shirya jarrabawar kammala sakandare, ana koya wa ɗalibi gabatarwa da gundarin bayani da kammalawa, a kuma gaya masa cewa kammalawa taƙaitawa ce.

Tsarin Faransa a kan takarda ba shi da aibi, domin amsar tambaya tana tsakiyarsa. Matsalar ita ce daga cikin abubuwan nan uku, biyu ana iya haddace su, ɗaya kuwa sai an yi tunani. Taƙaitawa tana da jimlolinta da aka saba, buɗe ƙofa ma haka. Amsa ce kaɗai ba ta da jimlar aro. Da yake malami yana da manhaja mai tsawo da aji cike maƙil, abin da ake iya rubutawa a allo a kwafa shi ne yake samun lokaci. Sakamakon haka shi ne kammalawa mai kai da ƙafa amma ba ciki: ɗalibi ya ce an ga ɓangare na farko, an ga na biyu, sannan ya jefa wata tambaya da ba shi da niyyar amsawa.

Ita kanta taƙaitawa tana da asali da ya dace a sani. Aristo, a ƙarshen littafinsa kan fasahar magana, ya lissafa tunatar da mai sauraro abin da aka faɗa a cikin ayyukan rufe jawabi. Yana magana ne a kan mai jawabi a gaban alƙalai ko taron jama'a, inda mai sauraro ba zai iya komawa baya ya sake jin abin da ya wuce ba. Mai wa'azi da mai huɗuba har yau suna da wannan buƙata. Amma insha'in shafi biyu yana gaban mai karatu gaba ɗayansa, idonsa yana iya komawa sama cikin daƙiƙa ɗaya. Sake jero masa abin da ya karanta yanzu-yanzu da wasu kalmomi, ba cinya ba ne, ƙafar baya. Taƙaitawa tana da amfani ne idan ta zama matakalar da hukunci zai taka, jimla ɗaya ko biyu, ba ƙari.

Misali Daga Batun Cirani

A ɗauka an ba ɗaliban ajin ƙarshe wannan tambaya: shin amfanin cirani ya fi illarsa ga ƙauye? Batu ne da kowane yaro a jahar Tawa ko Maraɗi ya sani a gidansu, tunda bayan kaka samari sukan nufi Kano ko Legas ko Abijan ko Libiya, a sa ran dawowarsu kafin faɗuwar damina. A ɗauka kuma ɗalibai uku sun kawo hujjoji iri ɗaya: kuɗin da ake aikowa gida, rage bakunan da ke cin rumbu, haɗarin hanya, da gonar da ake bari ba mai ƙarfi idan matafiyi ya makara.

Na farko ya kammala da cewa: "A taƙaice, an ga cewa cirani yana da amfani, an kuma ga cewa yana da illa. Kowane abu a duniya yana da amfani da illa." Na biyu ya ce: "Daga ƙarshe, ana kira ga gwamnati da masu hannu da shuni da su taimaka wa matasa. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan matsala, amin." Na uku ya ce: "Cirani ya fi amfani ga gidan da rumbunsa ba ya kai shi damina, domin kuɗin da ake aikowa shi ke sayen hatsi a watannin da abinci ya yanke. Amfanin yana tsayawa ne a ranar da matafiyi ya kasa dawowa kafin shuka: daga nan gona ta koma hannun tsofaffi, girbi ya ragu, tafiyar baɗi ta zama dole. Saboda haka abin da ya kamata gari ya sa wa ido shi ne lokacin dawowa, tunda hana tafiyar ba zai yiwu ba muddin babu aikin rani a gida."

Akwai gwaji mai sauƙi da zai raba waɗannan uku. A cire kalmar cirani a sa shaye-shaye, ko auren wuri, ko wayar salula. Kammalawar farko za ta zauna daram, ta biyu ma haka, domin ba su taɓa batun ba tun asali. Ta uku kuwa za ta rushe, saboda an gina ta ne da rumbu da shuka da damina, kayan da wannan tambaya kaɗai ta mallaka. Ɗalibi na uku bai kawo sabuwar hujja ba, bai kuma fi sauran yawan kalmomi masu nauyi ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗora hujjojin a kan sikeli, ya faɗi wadda ta rinjaya, ya faɗi sharaɗin rinjayen, ya fitar da abin da ya biyo baya.

Hanzarin da Ake Kawowa

Hanzari na farko na tarbiyya ne. Ana cewa an horar da ɗan Bahaushe a kan kunya da kawaici, ba a son yaro ya yanke magana a gaban na gaba da shi, malami kuwa na gaba ne. Akwai gaskiya a nan, kuma malamin da bai lura da ita ba zai ɗauka ɗalibinsa ba ya tunani, alhali nauyi yake ji. Sai dai makarantar zaure ta riga ta warware wannan. Almajirin da ya karanta Ahalari ko Ishmawi ko Risala, idan aka tambaye shi hukuncin wanda ya manta wani abu a salla, ba a karɓar amsar da ta ce akwai maganganu ta nan da ta can. Dole ya ce sallar ta inganta, ko ta ɓaci, ko sai an yi ƙabli ko ba'adi, ya kawo dalili. Bayan nan ne yake cewa Allah ne mafi sani. Tawali'un yana bin bayan hukunci ne, ba ya zama a madadinsa. Wannan shi ne kuma matsayin addu'a a ƙarshen rubutu. Babu mai cewa a kore ta daga wasiƙa ko jawabin taro, inda al'ada ta ba ta wuri. Abin da ake nema shi ne kada ta zama mafakar wanda bai amsa tambaya ba.

Hanzari na biyu na jarrabawa ne. Malami yana tsoron kada ɗalibinsa ya kauce wa tsarin da masu duba takardu suka sani, ya yi asarar maki. Amma tsarin da kansa ya nemi amsa, kuma mai duba takarda da ya karanta kammalawa hamsin masu kama da juna ba zai ƙi wadda ta faɗi wani abu ba. Idan akwai ɓangaren da za a iya saukewa ba tare da hasara ba, to buɗe ƙofa ne, wanda malaman Faransanci da yawa suke ɗauka a matsayin zaɓi, suna ma shawartar a bar shi idan ba a sami mai ma'ana ba.

Hanzari na uku shi ne wasu tambayoyi ba su da amsa guda. Haka ne, kuma misalin cirani yana cikinsu. Amma hukunci mai sharaɗi hukunci ne. Wanda ya ce abu kaza ya fi a hali kaza, ya gaza a hali kaza, ya yanke magana. Wanda ya ce komai yana da amfani da illa bai ce komai ba. A kasuwa ma, komai tsawon ciniki, ƙarshensa ɗayan biyu ne: ko mai kaya ya ce albarka, ko ya ce ya sallama.

Abin da Malami Zai Iya Yi

Gyaran yana farawa daga tambayar da malami ya rubuta a allo. Idan ya rubuta "Cirani" ko "Muhimmancin Ilimi" kawai, ya ba da kan magana ne, bai yi tambaya ba, kuma abin da ba a tambaya ba ba a amsa shi. Ɗalibi zai zubo duk abin da ya sani har takarda ta cika, ya rufe da addu'a, kuma ba shi da laifi. Idan aka mayar da kan maganar tambaya mai neman zaɓi ko dalili ko awo, kammalawa ta sami aikin yi tun kafin a fara rubutu.

Abu na biyu shi ne a juya tsarin koyarwa. An saba farawa da gabatarwa, a daɗe a kanta, a zo kammalawa a ƙarshen zango lokacin da jarrabawa ta ƙarato. Ya fi dacewa a nemi kowane ɗalibi, bayan ya tara hujjojinsa a takardar gwaji, ya rubuta amsarsa a jimla ɗaya kafin ya fara insha'in. Wanda ya kasa rubuta wannan jimla bai shirya rubutu ba tukuna. Idan ya gama gundarin bayani sai ya koma ga jimlar ya duba ko hujjojinsa sun ɗauke ta, ko sai ya rage mata ƙarfi, ko ma ya sauya ta. Wannan dabara tana maganin matsalar lokaci, domin ko da minti biyar suka rage a ɗakin jarrabawa, zuciyar kammalawar tana nan a rubuce.

Abu na uku ya shafi yawan ɗalibai. Malamin da ke da azuzuwa da yawa ba zai iya duba cikakken insha'i kowane mako ba, amma zai iya duba layi biyar. Sai ya ɗauko sharhin jarida ko gajeren labari, ya yanke sakin layi na ƙarshe, ya karanta wa aji sauran, kowa ya rubuta nasa ƙarshen. A karanta uku ko huɗu a fili ba tare da ambaton suna ba, aji ya yi musu gwajin sauya batu da aka bayyana a sama. Labaran Magana Jari Ce na Abubakar Imam sun dace da wannan aiki ta wata fuska, tunda da yawa daga cikinsu karin magana ne kanunsu. Ana iya ɓoye kan labarin, a nemi ɗalibai su faɗi darasinsa a jimlarsu, sannan a kwatanta. A nan ne kuma za su koyi cewa karin magana yana ƙarfafa kammalawa idan ya zo bayan an faɗi hukunci a fili, amma idan aka jefo shi shi kaɗai ya koma wani marufin.

Abu na huɗu shi ne kayan aikin harshe. Ɗalibai sun san "a taƙaice" da "daga ƙarshe", waɗanda alamar wuri ce kawai. Kalmomin da ke ɗaukar nauyin hukunci su ne irin su "saboda haka" da "ke nan" masu fitar da sakamako, "muddin" da "matuƙar" da "sai idan" masu kafa sharaɗi, "duk da cewa" da "sai dai" masu amincewa da hujjar abokin hamayya, da "galibi" da "a mafi yawan lokuta" masu rage faɗin da'awa. Darasi ɗaya a kan bambancin "saboda haka" da "bugu da ƙari" ya fi amfani a kan haddace jimlolin rufewa goma, domin wanda ya rubuta "saboda haka" ya ɗauki alkawarin cewa abin da zai faɗa ya fito ne daga abin da ya gabata.

Ya kamata kuma a nuna wa ɗalibai cewa kowane nau'in insha'i da irin hukuncinsa. Na labari yana tsayawa ne a inda sakamakon abin da ya faru ya bayyana, ba sai an bi shi da wa'azi ba. Na bayani yana ƙarewa da abin da mai karatu zai iya yi ko ganewa yanzu wanda da bai iya ba. Wasiƙar neman wani abu daga hukuma tana ƙarewa da buƙatar a fayyace: me ake so, daga wa, zuwa yaushe. Wasiƙu da yawa na koke suna mutuwa a teburin ofis saboda mai karantawa ya kai ƙarshe bai san abin da ake son ya yi ba.

Kammalawa

Maganar ta wuce makin jarrabawa. Tun daga makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da aka buɗe a Damagaram a 1973, ake fafutukar ganin harshen ya zama na ilimi a Nijar, kuma kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Idan wannan matsayi zai wuce takarda, sai an sami masu rubuta rahoto da bayanin taro da hukuncin kotu da Hausa, kuma duk waɗannan rubuce-rubuce ne da darajarsu take a sakin layinsu na ƙarshe. Waɗanda za su rubuta su suna zaune yau a azuzuwan sakandare, waɗanda za su koyar da su kuwa su ne ɗaliban Hausa na jami'o'i da makarantun horon malamai.

Ke nan raunin kammalawa a insha'in ɗalibai ya samo asali ne daga tambayar da ba ta neman amsa, da koyarwar da ta fifita abin haddacewa a kan abin tunani. Gyaransa ba ya buƙatar sabuwar manhaja ko sabon littafi. Yana buƙatar malamin da zai ƙi karɓar insha'i har sai ɗalibi ya iya faɗin amsarsa a jimla ɗaya, ya kuma ware maki na musamman ga wannan jimla, domin ɗalibi yana ba da ƙarfinsa ne a inda ya ga ana ba da maki. Wanda ya saba da haka tun yana aji, idan ya rufe da wassalam ko da addu'a, zai rufe ne a kan maganar da ya riga ya yanke.